Babban Teburin Barau

Wani mutum ne a garinmu, Barau Injiniya. Injiniyancin nan ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Shi ya naɗa kansa, ya kuma rubuta a ƙofar ofis da jan fenti. Yana aiki a ƙungiyar manoman rani, inda suke da rumbun bayanai a kwamfuta. Sunayen manoma, gonakinsu, irin da aka raba musu, injinan ban-ruwa, kowanne da teburinsa, kamar dai littafin rajista mai layi-layi.

In ka zauna da Barau minti biyar sai ka sha labarin rumbun nan.

"Ni na gina shi, da yatsun nan goma. Ko daga barci ka tashe ni zan jero maka teburansa kamar sunayen 'ya'yana."

Gaskiyar magana, wata tsohuwar takarda ya tsinta a durowa, mai jerin tebura goma sha biyu, ya haddace ta tsaf. Duk wanda ya tambayi abin da ke cikin rumbu, sai Barau ya kulle ƙofa, ya ce a kawo shayi da tsire, ya kwashe kwana uku wai yana bincike. Rana ta huɗu ya kwafo takardar ya miƙo yana sharce gumi.

Ana nan sai ƙungiya ta ce za ta koma sabuwar manhaja, kuma za a naɗa shugaban sashen kwamfuta, da ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Barau ya ce ai kujerar ma ta san mai ita. Sai ga Alhaji Sallau, shugaban ƙungiya, ya ɗauko wata Malama Kaltume daga Zariya ta duba rumbun kafin a yi ƙaura. Har ana raɗe-raɗin ita za a ba.

Da Barau ya ji haka, sai ya yi dabara. Shi da kansa ya kira taron kwamiti, ya aro majigi, ya jera kujeru. Nufinsa ta tambaye shi a gaban mutane, kowa ya ga ba za ta iya motsi ba sai da shi.

Aka hallara. Malama Kaltume ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Malam Barau, tebura nawa ne a ciki?"

Ya gyara hula. "Goma sha biyu. Amma in dalla-dalla kike so, sai a ba ni mako guda. Aikin ƙwaƙwalwa ne, Malama, ba dakan fura ba."

"Mako guda? Ai sai mu tambayi rumbun."

Barau ya yi dariya har da buga cinya. "Ranka ya daɗe, ka ji ko? Za ta tambayi rumbu. To a kawo masa tabarma, a gaishe shi tukuna."

Alhaji Sallau ya ce, "Malama, yi mana bayani yadda manomi zai gane."

Ta ce, "Alhaji, akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakaninmu da rumbu. Ta hanyarta ake neman sunan manomi ko girman gona. Ta hanyarta kuma ana iya cewa rumbun ya faɗi tsarin kansa: tebura nawa gare shi, wane ne mai kowanne, da bayanin da maginin ya bari a kai."

Barau ya ce, "A littafi kenan. Wannan rumbun ni na horar da shi, ba ya magana da baƙi. Bismillah, gwada."

Ta taɓa madannai, ƙwas ƙwas ƙwas. Bai gama kurɓar shayinsa ba jeri ya zubo a bango, shar. Tebura talatin da ɗaya.

Alhaji ya sa tabarau. "Injiniya, 'ya'yan naka sun ƙaru. Goma sha tara ba ka san da su ba?"

"Ƙwayar cuta ce ta shiga. Daga kwamfutarta."

"To bari in karanta sunayen cutar." Alhaji ya matso. "Gwaji. Gwaji biyu. Gwaji na gaske. Gwaji na gaske na ƙarshe. Wannan ne na ƙarshe wallahi." Ya juyo. "Malama, cuta tana rantsuwa?"

"Ga sunan mai su a gefe, Alhaji. Barau. Layi ɗaya ɗaya gare su, kuma a kowane layi 'kaza' kawai aka rubuta."

'Yan kwamiti suka fara tari irin na mai danne dariya. Barau kuwa ya ga mafita ta samu, ya yi caraf ya cafe.

"Kun gani? Sunana ne a jiki. Rumbun da kansa ya shaida ni na gina shi."

"Waɗannan goma sha taran dai," in ji ta. "Na asalin, masu manoma da gonaki, wani Iliya ne mai su."

Ma'ajin ƙungiya, wani dattijo da tun ɗazu yake ɓare goro, ya ce, "Allah sarki, Iliya Dogo. Wanda ya koma Jos."

"Yarona ne," in ji Barau. "Ni nake faɗa, shi yana dannawa. Ko kunna kwamfuta ni na koya masa."

Ta ce, "To ga bayanan da yaron naka ya bari a kan teburan."

Alhaji ya karanta na teburin manoma a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. "An maido da shi bayan Barau ya goge shi. Karo na uku."

Na gonaki kuma: "Don girman Allah kada a nuna wa Barau wannan."

Gumi ya karyo wa Barau, na gaske wannan karon. Ya miƙe ya tsaya a gaban majigi, rubutun ya koma kan babbar rigarsa, kowa ya ci gaba da karantawa a cikinsa.

"Ranka ya daɗe, hassada ce. Ƙananan tebura ne waɗannan, ba na ma kula su. Ni aikina a babba yake."

"Wanne kenan?"

"Mai suna babban tebur. Shekara shida kullum a cikinsa nake wuni. In na yi hutun kwana ɗaya, ƙungiyar nan ta durƙushe. A duba, a ga abin da Iliyan ya ce a kansa."

Alhaji ya ce, "Matsa gefe."

Ya matsa. Malama Kaltume ta gangaro da jerin, ta tsaya. Alhaji Sallau ya goge tabarau, ya gyara murya, ya karanta:

"Wannan na bogi ne, ba a haɗa shi da komai ba. Na yi shi ne don Barau ya samu abin dannawa, ya ƙyale na gaske."