Yadda Za Ki Riƙe Allon Ofis Kore Ba Tare da Mai Shara Ya Taɓa Tsintsiya Ba

Barka da samun aiki. Tunda an ɗauke ki na gwaji a sashen masu rubuta manhaja, ga hanyar da za ki bi a tabbatar da ke ba tare da kin saya wa kowa shingara ba, wato samosar nan tamu mai barkono. Tabbas tana ci. An jarraba ta a wani kamfanin haɗa aure da ke Banani, a nan Dhaka, kuma duk wanda ya bi ta ya samu ƙarin girma. Mutum ɗaya ce ta ƙi, sunanta Mithila. Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu a jami'a, kuma ba ta yarda a manta da hakan. Za a riƙa kawo ta nan a matsayin misalin abin da ba a yi.

1. Ki san allo, ki san al'ada

Akwai babban allo a bangon ofis. Idan duk gwaje-gwajen da ake yi wa manhaja sun wuce lafiya, sai ya yi kore. Idan ɗaya ya faɗi, ya koma ja, da sunan wanda ya jawo a ƙasa. Al'adar gidan ita ce mai wannan sunan zai saya wa sashe duka shingara da shayi bayan la'asar.

A jami'a an gaya miki ana yin gwaji ne don a gano kuskure. Ki bar wannan a jami'a. Ana gwaji ne don kada a sayi shingara.

2. Ki san mai shara, amma daga nesa

Ba mutum ba ne. Ɗan ƙaramin shiri ne da ke aiki a bayan fage, inda ba mai kallo. Duk Juma'a, lokacin da ofis ke rufe, zai farka ya shiga rumbun hotuna ya goge na waɗanda suka rufe shafinsu, yawanci don sun samu abokin zama. Daga wannan rumbun manhaja ke ɗebo fuskokin da take tura wa masu nema kowane mako, shi ya sa kamfani ya rubuta alkawarin gogewar da manyan baƙaƙe.

Aikin da ba mai gani ya fi kowane aiki albarka. Ba ya lalacewa sai ranar da wani ya leƙa.

3. Ki haɗa shi da 'yan bogi masu ladabi

Ba a gwada mai shara a kan rumbun gaske, kada ya goge hoton wata baiwar Allah da har yanzu take nema. Ana gina masa rumbun bogi da agogon bogi ya yi wasansa da su. Wannan daidai ne, ko Mithila ba ta musa ba. Gwanintar tana wajen zaɓe. Ki samo rumbun da duk abin da aka ce masa, ko ba a ce komai ba, amsarsa ɗaya ce: an yi. Agogon kuma ki tsayar da shi a ranar Talata. In mai shara ya fito, ki tambaye shi ko ya gama lafiya. Kada ki tambaye shi abin da ya yi, rashin kunya ne.

Shahed bhai, wato yaya Shahed, shugaban sashe, shi ya gina waɗannan da hannunsa. Shi ne kuma zai sa hannu a tabbatar da ke ko a sallame ki. Ki riƙe waɗannan biyun tare a zuciya.

4. Kada ki taɓa agogo

Mithila ta je har teburinsa ta tambaya me ya sa ake gwada ma'aikacin Juma'a ranar Talata. Shahed bhai bai ɗago ba, ya ce da Talata da Juma'a duk ranakun Allah ne. Ta koma ta juya agogon bogin zuwa Juma'a. Aka tambayi mai shara ko ya gama lafiya, ya ce lafiya lau. Allo na nan kore.

Mai hankali a nan za ta tsaya, ta sha shayinta.

5. Ki guji ɗan leƙen asiri

Shi ma bogi ne, amma marar tarbiyya. Yana zama a mazaunin rumbu, yana amsa an yi kamar ɗan'uwansa, sai dai yana riƙe komai a ka: wa ya zo, sau nawa, hoton wa aka ce a goge. In an tambaye shi, faɗa yake yi.

Mithila ta dasa shi. Ta ƙirƙiri shafuka uku rufaffu da ɗaya buɗaɗɗe, ta saki mai shara, sannan ta tambayi ɗan leƙen asiri sau nawa aka zo gogewa. Ko sau ɗaya. Allo ya yi ja da sunanta.

Ashe tun bara wani ya kafa doka cewa kada kowane shiri ya taɓa rumbu ranar hutu, tunda ba mai sa ido. Don haka duk Juma'a mai shara zai farka, ya ga hutu ne, ya ce ya gama lafiya, ya koma barci. Bai taɓa yin ƙarya ba. Wanda ya kafa dokar kuwa, in ba ki gane ba, ki sake karanta mataki na uku.

6. In kin yi ja, ki goge kafin la'asar

Shahed bhai ya kira ta baranda. Ya yi mata bayani cikin taushin murya cewa gyaran layi ɗaya ne, ya sani. Amma ranar da mai shara ya yi shara da gaske, rabin rumbu zai tafi, mai kamfani kuma zai tambaya ina wannan tulin ya kwana duk tsawon lokacin nan.

"Ƙanwata, cire ɗan gulmar nan. Watanninki na gwaji sun kusa cika, kin san wa zai sa hannu."

"Bhai, ni ban ɓata komai ba. Tambaya na yi."

Ta sayi shingara ranar. Ta saya washegari. Da yamma wani zai kashe ɗan leƙen asirin, allo ya yi kore. Da safe ta sauko daga bas ɗin Mirpur, gashinta cike da hayaƙin hanya, ta tashe shi tun kafin ta ajiye jaka. Aka daina kiranta cin abincin rana, ta riƙa buɗe shinkafarta da wake a gaban kwamfuta. Rokon, wanda ke zaune kusa da ita, yakan leƙo ya kira ta yaya da yaren gida, ya ce, "Apa, gobe ki ce a ƙara barkono, na yau salam." Mai shingara na bakin titi ya fara gaishe ta da suna. Mahaifiyarta ta tambaya ko albashin nan na ci ne ko na ciyarwa. Ba ta yi kuka a banɗaki ba, kuma tana so a rubuta haka.

Ke dai kin ga abin da taurin kai ke jawowa.

7. Mai ƙorafi, a nuna masa allo

Wata mata daga Khulna ta yi ta bugo waya. Ta yi aure, ta rufe shafinta, amma abokin mijinta ya ga hotonta cikin waɗanda aka turo masa, yanzu gidan ba zaman lafiya. An amsa mata cewa na'urarmu ta tabbatar an goge. Ki haddace wannan jimlar. Ki faɗe ta da yamma, lokacin da allon yake kore.

8. Ki tabbata babu naki hoton a rumbu

Wannan matakin ne kaɗai Shahed bhai ya tsallake. A manhajar ya samu matarsa, yana kuma alfahari da hakan a kowane taro. Ana saura kwanaki kaɗan a yanke hukunci kan Mithila, ƙanwar surukarsa, wadda ke nema wa 'yarta miji, ta buɗe zaɓin mako. Sai ga Shahed cikin farar doguwar rigar fanjabi, yana murmushi, injiniya, mai son zama da mace mai natsuwa.

Ranar Alhamis ya shigo da rigar jiya a jikinsa. Bai je teburinsa ba.

"Mithila, a goge hotona. Yanzu."

"Ai an goge, bhai. Na'urarmu ta tabbatar."

Rokon ya sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur kamar yana neman wani abu. Ta ƙara da cewa in yana shakka ya jira gobe Juma'a, ranar aikin mai shara ce, sai dai kuma hutu ne.

Shi ya cire dokar da hannunsa. Cikin gaggawa ya ɓata wani layi a kusa, allo ya yi ja da sunansa. Da ya gyara, aka tambayi ɗan leƙen asiri, ya ce sau uku aka zo gogewa, shafin da ke buɗe kuma ba a taɓa shi ba. A taron mako mai kamfani ya yaba wa Shahed bhai bisa gano wannan babbar matsala. An tabbatar da Mithila, tare da shawarar ta koyi zama da mutane. Ita ce ta bugo wa matar Khulna, ba wanda ya sa ta.

Shingarar ranar kuwa, al'ada al'ada ce, shi ya saya. Mithila ta ɗauki biyu, ta ce barkonon bai ji ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin auren da ya girgiza, ko surukar da ta daina amsa gaisuwa, ko matar da har yanzu take bugo waya ba. Duk wadda ta bi matakan nan abin ya juye mata, kada ta zo nan da ƙorafi. An duba allo, kore ne.