Saniyar Tibet a Gonar Dankalin Mama Edna

Jama'a, in kun ji labarin wani bawan Allah da ya yi awa biyu cur a gosulon babban titin da ya kewaye Washington, da manyan mutane bakwai da akwatuna fal bayan motarsa, to ni ne, Davou naku na Lanham. Motar tawa ta kai tsofaffi asibiti ce. Ƙungiyarmu ta 'yan gida ce ta ce tawaga ta zo daga Najeriya, kuma abin kunya ne a bar manya su hau tasi kamar marasa gata.

Sunan tawagar Kwamitin Kawo Saniyar Yak. Ni ma sai da na tambaya. Wai wata saniya ce ta tsaunukan Tibet, gashi har ƙasa, mazauninta ƙanƙara. Wani mai hangen nesa a ofis ya ga hotonta, ya tuna mu ma a tudunmu mukan sa rigar sanyi, shi ke nan magana ta ƙare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sun zo taron masana na kwana uku a kan haihuwar wannan dabba. Allah ya saka musu, sun halarci buɗe taro har da cin abincin rana. Sauran binciken a kantuna muka yi shi.

Ranar ƙarshe Mai Girma Shugaban Tawaga, Garkuwan Makiyaya, Hasken Tsaunuka, ya ce an gaya masa akwai 'yar gida da ke aikin yak a wata jami'a a nan Maryland. Dakta Constance ke nan, 'yar marigayi abokina. Shekara tara tana bin diddigin ƙwayoyin gadon da ke gaya wa jikin saniyar nan lokacin barbara ya yi. Mahaifiyarta, Mama Edna, tana can ƙauye tana noman dankalin turawa, kuma tuni aka fara raɗe-raɗin cewa gonarta da na maƙwabtanta aka zana a taswira a matsayin makiyayar yak. Da gonar nan aka yi wa Constance makaranta.

Da na kira ta, ta ce, "Baba, ni ba na son ganinsu."

Na ce, "Haba 'yata, ana rufe wa baƙon gida ƙofa? Ki yi musu bayani. In sun ji daga bakin masaniya za su fasa, ki ceci gonar Mama."

Ta ce, "To, saboda kai ne, Baba."

Muna shiga ɗakin gwaje-gwajen, Mai Girma ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce, "To Dakta, ina shanun?"

Ta buɗe firiza ta ciro wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce, "Ga abin da nake aiki da shi, ranka ya daɗe. Ɗan nama ne daga mahaifar saniyar."

Ya ce, "Shekara tara, ko maraƙi ɗaya babu?" 'Yan tawaga suka yi dariya, don an san dariyar da ake yi wa barkwancin shugaba tana cikin aiki.

Yarinyar nan ta daure ta yi bayani tiryan-tiryan, har ni direba na gane. Ta ce yak ba ta karɓar namiji sai a 'yan watanni ƙalilan cikin shekara. Jikinta yana lura da tsawon rana da yadda ciyawa ta samu, sannan wani sinadari a ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke sakin ƙwan haihuwa. In ba haka ba, suna nan a kulle. Ko a ƙasarta, galibi sai shekara biyu take haihuwa sau ɗaya. Ta ce a wajenmu rana da dare kusan kai ɗaya suke duk shekara, kuma abin da muke kira sanyi, a wurin yak zafi ne mai sa ta haki ta ƙi cin abinci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta haihu a can ba. Da wuya ma ta rayu. Ina roƙonku ku bar wa mutane gonakinsu."

Mai Girma ya gyara hula. "Dakta, wannan ai minor issue ne. Batun tsawon rana, za mu kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Ƙwayoyin da kika ce suna kulle kuma, waye ke riƙe da makullin? A rubuta masa takarda."

Sakataren tawaga ya rubuta. Na rantse muku na ga biro yana motsi.

Sai aka zaro wata takarda, wai ta sa hannu cewa ta gamsu da shirin. Ta karanta, ta mayar da ita da hannu biyu cikin ladabi, ta ce ba za ta iya ba. Raina ya yi fari, na ce yau 'yar abokina ta fitar da mu kunya. Mai Girma ko a jikinsa. Ya yi murmushi ya ce ba komai, ilimi ai ra'ayi ne, amma a yi hoton tarihi kafin a rabu. Wa zai ƙi hoto da baƙo? Ta tsaya da farar rigarta ta aiki, ya kama hannunta yana girgizawa. Aka miƙo mini waya in ɗauka. Har cewa na yi, "Dakta, ɗan saki fuska mana."

Da yamma na ba maƙwabcina Hayatudeen, mutumin Kumasi, labari ina ta cika baki. Ya saurara ya ce, "Massa Davou, ta sa hannu?"

Na ce, "Ina! Ta ƙi."

Ya ce, "An yi hoto?"

Na ce, "An yi."

Ya ce, "To ta sa hannu." Ya ci gaba da wanke motarsa.

Makonni uku ke nan. Shekaranjiya Constance ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba, ta miƙo mini wayarta. A hoton da ke ciki, an kafa turaku an ja wayar shinge a gonakin, daidai lokacin tonon dankali. A bakin hanya ga wani ƙaton allo, ga ta nan da farar riga tana murmushi, hannunta cikin na Mai Girma. A ƙasa an rubuta cewa 'yar ƙasa, masaniya daga Amurka, ta amince.

Ta kira Mama Edna a gabana. Tsohuwar ta ce da safe ita da maƙwabtanta, su tara, sun tafi gona da fatanyunsu. Mai gadi ya tare su, ya ce an ba shi umarni daga sama: uwar Dakta kaɗai za ta shiga ta tone nata, don girmamawa. Sauran su koma.

Constance ta ce, "Mama, kin shiga?"

Ta ce, "In shiga in tone, su Irene maƙwabciyata suna tsaye a bayan waya suna kallona? Da su zan je coci ranar Lahadi. Na juyo tare da su. Gara dankalin ya ruɓe a ƙasa." Sannan ta ce, "Amma ko a hanya ba wadda ta yi mini magana. Constance, me suka ba ki?"

Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, don kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Yak dai har yau ba a ga ko jelarta ba, an ce ana jiran rahoton kwamitin tsawon rana. Hoton kuwa kowa ya ce ya fito raɗau. Na duba allon sama da ƙasa, ba a sa sunan wanda ya ɗauka ba. Tun da nake, wannan ne karo na farko da hukuma ta rufa mini asiri.