Yadda Za Ka Mayar da Unguwarku Ƙauye Kafin Masu Awo Su Iso

Ɗan majalisar mazaɓarku ya raba aiki gida biyu: ƙauye a ba shi rijiyar burtsatse, birni a ba shi fitilar sola. Unguwarku tana bakin hanyar Bida, dab da Gidan Kwano. Fitilu uku gare ku, ruwa kuwa sai rafi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo ka zama ɗan ƙauye. A bakin mai unguwa Shekwolo, ɗan ƙabilar Gbagyi, na ji su, shi ya gwada da kansa.

1. San abin da ake aunawa

Masu awon da za su tantance ko ƙauye ne ku ko birni, abu uku suke dubawa: yawan jama'a, rufin gidaje, da sana'a. Ba sa tambayar wa ke jin ƙishirwa, takardar ba ta da gurbinsa.

2. Rage jama'a

Ɗaliban jami'a da ke haya su suka cika ku. Shekwolo ya lallaɓa mazan suka tafi Bosso yini guda. Ƙauye na gari shi ne wanda awakinsa suka fi mutanensa yawa.

3. Ɓoye arziki

Shimfiɗa ciyawa a kan kwano. Mai cajin waya ya rufe shago ya saɓi fartanya. Fitilun kuwa, ka ce haka kuka wayi gari kuka gan su.

4. Nuna noma

A nan Shekwolo ya yi tuntuɓe. Ya tara ɗalibai mata, suka ɗaura zane, ya ba su doya su riƙa kai da kawowa kamar matan unguwar. Matarsa Alisabatu tana rafi, ba wanda ya nemi shawararta. Malama Rukayat, shugabar masu awo, ta bari suka wuce sau uku, sannan ta ce, "Baba, yaushe matan Gbagyi suka fara ɗaukar kaya a ka?"

A kafaɗa suke ɗauka, shi ma ya sani, sauri ne ya mantar da shi. Ya ce ai zamani ne. Ta ce madalla, ta rubuta birni.

5. Karɓi rabonka

Bayan wata biyu fitila ta huɗu ta iso. Ma'aikata suka tambayi inda za a kafa ta. Alisabatu ta sauke jarka daga kafaɗa ta ce, "Ku kai ta hanyar rafi, can muke wuni."

Ni dai sauraro na yi na rubuta. Wanda ya bi matakan nan ya tashi da fitila, kada ya zo gidana neman ruwa. Mu ma birni aka rubuta mu.