Awon Rigar Tulu

"Lafiya ƙalau muka tashi. Amma wa ya tare mini haske a bakin ƙofa? Na ɗauka hadari ne ya haɗo."

"Ni ce, Tsinke. Na leƙo ban ga kowa ba, sai da ka yi tari na gane ba tsintsiya aka jingina a kujera ba."

Haka Baba da 'yata suka gaisa da hantsin ranar ƙarshe da muka yi irin ta kowa. Baba mahaifina ne, tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da keke biyu, ɗayan ya daɗe da lalacewa, yaduka ake jibgawa a kansa. Tun tana rarrafe yake kiranta Tulu, ita kuma tun da bakinta ya buɗe take ce masa Tsinke. Ni ba na sa baki. Na gaishe shi, na samu benci na zauna.

Da safiyar ranar ta yi abin da ta saba. Ta buɗe taga, ta tsaya ta ɗora hannu a ƙirji tana jan numfashi a hankali tana saki. Ta sha shayi a zaune, wayarta a kife a wani ɗakin. Likitar makarantarsu ce ta koya mata waɗannan, bayan ta yanke jiki ta faɗi ana gobe jarrabawa a shekararta ta farko a jami'a. A lokacin ne na san ta daɗe tana ɓoye abinci a leda tana zubarwa, tana hawa sikeli kafin ta ci da bayan ta ci. Na so in je in roƙi Baba ya bar kiranta da sunan nan. Ta hana ni. Ta ce in bar ta da shi, ita za ta ji da shi da kanta.

Ranar ce ta zaɓa. Ta ajiye yadi mai ruwan ganye a kan teburin yanka, sannan ta zaro sikelin banɗakinta daga jaka ta dire a gefensa. Baba ya leƙa ta saman tabarau ya tambaya ko gyara ta kawo, don ya san abin ya ga rayuwa. Ta ce ladan ɗinkinsa ne. Ita ta gama da shi, shi ne mai bukata, ya riƙa hawa kowace safiya yana tabbatar da cewa yana nan.

"In ka hau allurar ba ta motsa ba, ka rungumi dutsen guga ka sake gwadawa."

"Ni da na ɗauke ki a hannu ɗaya."

"Shi ya sa kafaɗar ta karkace har yau."

Baba yana da wata ɗabi'a a aiki da duk matan da ke kawo masa ɗinki suka sani. In zai auna ƙugu sai ya ce a ja ciki, in ya zo yanka kuma ya rage yatsa biyu daga abin da tef ya nuna. A cewarsa mace ta fi son jin ƙaramar lamba, riga kuma ita ke koya wa jiki ladabi. Ya ciro tef ɗin daga wuyansa, ya zagayo da shi, ya ce ta ja ciki.

"Ba zan ja ba. Shekara da shekaru ina ja maka ciki, kana ɗinka wa wata yarinya da ban taɓa gani ba. Rigunanta sun cika mini durowa. In ka san gidansu ka aika mata."

Ya ce to ai tef ɗinsa ba zai kai ba, sai an aro na maƙwabci an ƙulla. Yadin nan ma hannu ɗaya zai yi, da ta yi shawara da shi da labulen falo ta cire. Ta ce ta gane wayon, abin da yake ragewa a rigunanta ne yake haɗa wa kansa wando da riga har da hula, ga shaida nan a jikinsa. Ya ce ya sake ta tun ranar da ta karya masa benci. Ta ce bencin da gara ta gama da shi tun kafin a haifi Mama, kuma ita ba ta karɓi sakin mutumin da fanka ke turawa bango ba.

Daga nan ya faɗi wadda ta fi sauran kaifi. Ya ce ta ci gaba a haka, ta ga wanda zai ɗauke ta, in ba mai motar kaya ba.

Na ga hannunta ya tafi ƙirji. Ta ja numfashi, ta riƙe, ta saki. Na san abin da take yi, shi bai sani ba.

"Auna ni bayan na saki numfashi, Tsinke. Wannan jikin nake da shi, ba ni da wani a ajiye. Cikin rigar nan zan zauna, zan ci abinci, zan yi dariya ba tare da maɓalli ya harbi wani ba. In aikin ya fi ƙarfinka, akwai sabon tela a bayan layi, idonsa bai mutu ba."

Ambaton sabon telan ne ya taɓa shi. Ya auna yana ƙunƙuni. Kafin ya ɗaga yatsa ta danne shi a kan tef ɗin, ta zaro biro ta ja layi a daidai wurin, ta ce don ta san halinsa.

Wajen azahar mata uku suka shigo a tare, kowacce an yi mata alkawarin yau. Zare ya riƙa tsinkewa, Baba yana taka keke yana ba da haƙuri yana neman almakashin da ke cikin aljihunsa. Da suka fita, 'yata ta sa ƙafa ta danne matakin keken, ta ce ya tsaya ya ja numfashi kamar yadda ta yi. Ya ce ya haura saba'in yana numfashi ba malami. Ta ce wannan ba numfashi ba ne, haki ne.

"Ranar da kika ga na tsayar da keke don in shaƙi iska, ki zo ki karɓi makullin shagon. Yatsa biyun nan kuma sai na rage, ban taɓa yanka ba haka ba."

"Rage ka gani, in zo in ɗauke sikelina, ka rasa mai shaidar kana raye."

Da la'asar muka koma gida, ta yi karatu a ƙasan tebur ta miƙe ƙafafu. Da magariba ta ci shinkafa ta cinye tas, ta ƙara da ayaba, ta wanke farantinta. Ta ce in ɗan matsa mata kafaɗa, na matsa.

Washegari a hanyar makaranta mota ta buge babur ɗin da ta hau. Kafin in isa asibiti an rufe mata fuska.

Bayan mutane sun watse na rufe ɗakinta na koma aiki. A ɗakin gwajin jini nake aiki. Ina auna na wasu daidai ba kuskure, in dawo gida in tuna ban sa komai a bakina ba sai shayi. Siket ya fara neman fil. Baba ya gani ya kau da kai. Ni da shi gaisuwa ce da 'yan kalmomi, ba ya wasa da ni, ba ya kuma kallon fuskata ya yi mini faɗa.

Wata rana da hantsi ya zo da leda a hammata. Bai zauna a falo ba. Ya wuce ƙofar ɗakinta ya ce in buɗe. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya gyara murya, da muryar nan tasa ta shago.

"Tulu, ga rigarki. Yadin ya isa har da saura, kuma ba zan ba ki ba. Na kafa almakashi zan rage yatsa biyun, sai layin bironki ya zuba mini ido. Kin ɓata mini tef, kin ɓata mini hannu. Jiya wata ta zo awo, har ta fita ban ce ta ja ciki ba."

Ya zauna a bakin gadonta, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ja numfashi. Tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa sai dariya ta kama shi, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"To ga shi, keke yana can a tsaye. Kin ci. Makulli dai ba ki samu ba."

A ranar muka fitar da kayan. Littattafai na ba ƙawayenta na aji, takalma suka tafi wurin 'ya'yan ƙanwata. Matsattsun rigunan Baba ne ya kwashe, ya ce ashe yarinyar da yake ɗinka wa tana nan, su huɗu ne ma a layinsa. Sikelin yana ƙarƙashin ƙafar teburin yankansa, wadda ta daɗe tana rawa.

Rigar mai ruwan ganye na shiga ɗaki na gwada. Ta zubo mini kamar an rataye ta a ƙusa. Na fito na ce wa Baba ko zai rage mini ita kaɗan. Bai dube ni ba. Ya juya ya fuskanci gadon.

"Tulu, faɗa wa uwarki na daina rage ɗinki. Tsinke ɗaya ya ishi gida ɗaya. Ta ci abinci ta cika ta."

Tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Nakan gwada ta wani lokaci bayan na ci abinci a zaune. Kafaɗar ta fara zama. Ƙugun da saura.