Rasuwar Adi Lagilagi, Jirgin Fiton Yanuvou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Vasemaca Naivalu, mai sayar da shayi da burodi a benen sama na jirgin fito, take sanar da mutanen tsibirin Yanuvou da dangi na birnin Suva cewa uwarmu Adi Lagilagi ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a tsakiyar teku, tana ɗauke da buhunan gwaza da motocin dakon katako da fasinjoji. Injinta ne ya tsaya cak, aka kwashe fasinjoji lafiya.

Su uku aka ƙera a Japan, kamarsu ɗaya, kowacce da faffaɗar ƙofa a goshi wadda motoci ke shiga. Sai da suka tsufa a can aka sayo su. Babbar, Adi Senibua, ta hau dutse a teku ta fashe tun Vasemaca tana goye. Ta tsakiya, Adi Kalokalo, tana kwance a bayan gadar da jirage ke tsayawa a Suva, an yashe cikinta kaf don a yi wa ƙanwarta magani. Marigayiya ce auta.

Mai haƙuri ce, ba ta raina kaya. Ta ɗauki amare da aladen biki, ta ɗauki gawa, ta kai masu naƙuda asibiti. Idan ta doso gada takan ce "Buuuu!" sau biyu, yara su zubo da gudu. Da ciwo ya kama ta, muryar ta koma "tuk, tuk, kaf", tana tarin baƙin hayaƙi.

A nan Vasemaca take so a karanta a hankali. Injiniya Isikeli ya roƙi mai jirgin, Aporosa Delai, ya sayo kayan inji. Aporosa ya aiko da fenti. Da Isikeli ya sake roƙo, sai ya ƙaro fenti, shuɗi mai kyau, ya sa aka shafe tsatsar har ƙasa, domin masu duba jirage daga bakin gada suke tsayawa su duba. Haka ta cika da kwalliya kamar amarya, cikinta a ruɓe. Wanda ya yi wannan, Allah Ya ba shi ciwon haƙori, likita kuma ya shafa masa hoda.

Ta rasu ta bar matan kasuwa da gwazarsu tana ruɓewa a bakin gada, da ɗalibai da suka kasa komawa makaranta, da Isikeli wanda ya rasa injin gyarawa, da Vasemaca da butar shayinta, wadda ita ke ciyar da uwarta da ƙannenta. Tun ranar Talata ba a ɗora butar a wuta ba.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar a zauren coci. Mata su sa baƙi, su zo da tabarmi, maza su zo da yaƙona, dakakkiyar saiwar da ake sha a taro, a jiƙa a sha. An gayyaci Aporosa Delai, ya kuma amsa, don ya ji an ce za a ba shi ƙwaryar farko. Za a ba shi. An tanadar masa kwalekwalen da zai kawo shi. Na komawa kuwa, duk masu kwalekwalen Yanuvou suna cikin makoki, ba mai taɓa ruwa sai ran da wani jirgin ya zo. An share masa wuri a bakin gada, kusa da buhunan gwaza.