Maganin Ƙudujin da Na Ƙago

Ko na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba. Daminar da ɗakina ya rushe ce, shekara biyu bayan rasuwar mijina Malam, hatsi ya kai gwiwa. Jikata Balki, mai karatun noma a jami'ar Yamai, ta zo Matankari da wani faifan salula mai faɗin marfin tukunya.

Ku san ni tukuna. Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma a unguwarmu ba a tambaya ta wuce ni. Ciwon yaro, asalin gida, ranar shuka, duk Kaka Hajo. (Ko ban sani ba sai na amsa. Nan ciwon yake.)

Balki ta ce mu je gona. Na yafa gyale, na kira ƙawata Zali da mata uku, su zo su ga ilimin gidanmu. Ta ɗora faifan saitin wani ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye hatsi. Sai ga ƙudujin a cikin gilashi, takardu sun kewaye shi suna reto kamar shanya a igiya. Ta ce duk rubutun masu bincike ne a kansa. In ta taɓa ɗaya, ta buɗe, wani zare ya ja ta zuwa wata. Har saiwar muka gani a ƙarƙashin ƙasa, ta kama ta hatsi tana tsotso. Shekara sittin ina tuge abin nan, ban taɓa ganin bakinsa ba.

"Kaka, wagga takarda ita ta kawo ni," in ji Balki. Ta ce takardar ta ambaci wani maganin gargajiya, ta gwada shi damina guda a filin gwajinsu, ko ganye ɗaya bai mutu ba. A kansa za ta rubuta aikinta na ƙarshe, malaminta kuma ya ce ita ta kuskure awo. Ta zo neman wadda ta faɗa.

Ta karanta, tana juyawa daga Faransanci: ruwan dahuwar gurguzu, a gauraya da tokar kashin jaki, a zuba ran Laraba.

Na kwashe da dariya har da tafi. "Wace sakarya ta faɗi wanga? Mi jaki ya sani ga ƙuduji? Wallahi wasu tsohi ba su jin kunya!"

Balki ta ci gaba: wata mai daddawar batso ce, a Matankari, gindin gawo, shekara ashirin da suka wuce.

Zali ta yi tari. "Hajo, lokacin nan mai batso guda ce a gindin gawo."

Na tuna. Shekarar da aka yaye Balki, wasu baƙi biyu sun zo da littafi, aka ce musu in dai sani ne, su je wurin Hajo. Suka tambayi maganin ƙuduji, mata sun zuba mini ido. Na duba gabana, tukunyar gurguzun batsona na tafasa, jakin maƙwabci na ɗaure. Na haɗa su. Larabar kuwa ado ce na ƙara.

Na so in ce Zali ta ruɗe. Amma na ga idon yarinyar nan, ta shirya sake zubar da wata damina.

"Ni ce, ɗiyata. Ƙarya na yi musu."

Matan suka dafe ciki. Balki ba ta yi dariya ba. "Damina guda, Kaka. Da hannuna na ƙone kashin jaki, ɗalibai na kallo."

Daga baya ta kunna faifan, ta ce in maimaita, za ta sa gyaran cikin aikinta don kada wani ya sake faɗawa. Na gyara murya na ce ban san maganin ƙuduji ba, sai tugewa kafin ya yi fure. Ban taɓa faɗin magana mai nauyinta ba.

Da ina ɗaukan magana iska ce, ta fita ta wuce. Ashe akwai masu kama ta su ajiye, ta jira jikarka shekara ashirin. Yanzu kafin in amsa tambaya, sai na duba ko mai tambayar na riƙe da biro.

Cikin matan da suka ji ƙaryar a gindin gawo, Allah ya karɓi Indo, ya karɓi Tabawa. Saura ni da Zali. Ita kuwa kunnenta ya tafi, haƙora sun tafi, amma duk Laraba sai ta aiko a tambaye ni ko na zuba.