Onarabul Na-Goyi-Baya da Gadar Rafinmu

Duk wanda ya ce mazaɓarmu ba ta yi sa'ar wakili ba, ko dai baƙo ne, ko kuwa hassada ke cin sa. Allah ya ba mu ɗan majalisa irin wanda ake nema da fitila. Ga tsayi, ga tumbi, ga ƙeya mai hawa uku, ga murya wadda ko lasifika ta mutu ba a yi asara ba. 'Yan korensa suna ce masa Zakin Zaure. Mu kuwa da muka san shi tun yana sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha, Onarabul Na-Goyi-Baya muke ce masa. Ba mu muka raɗa masa ba, aikinsa ne ya raɗa masa.

Ga yadda abin yake. A majalisar yankinmu, idan wakili ya kawo ƙuduri, ba a kula shi sai an sami wani ya miƙe ya ce ya goyi baya. To, nan Allah ya ajiye baiwar Onarabul. Tun da aka rantsar da shi bai taɓa wahalar da majalisa da ƙudurin kansa ba, saboda tausayin takarda. Amma da zarar Kakaki ya ɗaga kai ya ce, "Ko akwai mai goyon baya?" kafin ya rufe baki Onarabul yana tsaye. Ya goyi bayan a ƙara haraji, ya goyi bayan a rage shi. Ya goyi bayan a rushe rumfunan bakin titi, da mako ya zagayo ya goyi bayan a hukunta waɗanda suka rushe su. Mutum ne da ba ya nuna bambanci.

Mahassada suna cewa wai barci yake yi a bayan baƙin tabaran nan da ba ya cirewa. Sharri ne. Tunani yake yi, kuma tunanin manya da minshari yake zuwa. Sai a yi ta tafka muhawara bai motsa ba, amma tambayar nan ta Kakaki tana tashinsa kamar yadda ƙarar murfin tukunya ke tashin kyanwa. An ce wata rana Kakaki ya tambaya ko akwai wanda ya ga alƙalaminsa. Onarabul ya miƙe ya goyi baya.

Ofishinsa kuwa abin a biya kuɗi a kalla ne. Bango huɗu, duk hotunansa: ga shi yana nuna sama da yatsa, ga shi yana riƙe da waya, ga shi yana kallon wani hoton nasa. Teburin fes, ko ƙyallin takarda babu, don mai ilimi a ka yake ajiye kayansa. In mutanen gari suka zo da koke, sai ya juya a kujerarsa mai juyawa, ya bar su su gama kallon ƙeyar, sannan ya juyo.

"Ku ba ku san aikin majalisa ba," in ji shi. "Kawo ƙuduri ai aikin yara ne, kowa ma ya iya. Amma ƙudurin da ban goyi bayansa ba gawa ne. Ni nake hura masa rai. Ku je ku tambaya, ko Kakaki sai ya kalle ni yake buga guduma."

Mu dai buƙatarmu ɗaya ce tak, gada. Akwai rafi da ya raba mazaɓarmu biyu. Da rani ko akuya tsallake shi take yi, amma da damina sai ya cika ya batse, ya hana kowa wucewa. Asibiti da kasuwa da makaranta duk suna wannan gefe, rabin jama'a kuma suna ƙetare. Cikinsu har da Gwaggon Onarabul, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana tsumman goyo. Lambu take yi, kuma ita ce shugabar mata ta jam'iyya. Ita ta bi gida-gida da ƙafarta ta roƙa masa ƙuri'a, bayan ya durƙusa a gabanta ya ce, "Gwaggo, in na shiga, a mota za ki riƙa ƙetare rafin nan."

Kuma a yi masa adalci, an sa gadar a kasafin kuɗi. Gaskiya ne tsohon wakilin da ya gaji kujerarsa ne ya sa ta kafin ya sauka, amma Onarabul ne ya kafa allo. Allo na gani na faɗa, a bakin rafi, hotonsa ya cinye kusan duka, zanen gadar yana can ƙasa kusa da takalminsa. Ya zo da jerin motoci ya ƙaddamar da allon, aka yi tafi. Abin da ya rage shi ne a riƙa zuwa kwamitin ayyuka ana bin kadin kuɗin har a fara aiki. Onarabul bai taɓa leƙa kwamitin ba, don a can ba a ɗaukar hoto.

Da zaɓe ya matso, sai Zakin Zaure ya ga ya kamata talakawansa su gan shi a bakin aiki. Ya yi hayar bas, aka kwaso dattawa da mata da shugabannin jam'iyya, Gwaggo a kujerar gaba, aka jera su a benen 'yan kallo da ke saman zauren majalisa. Ranar ya ci ado har ya wuce misali. Turarensa ya riga shi shiga zaure, ya kuma ajiye baƙin tabarau, don yau ba ranar tunani ba ce. An ce idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.

Akwai wakilin mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu, wani siriri mai shiru-shiru da ake ce wa Tsinke. Shi ba ya ruri, amma ba ya fashin kwamiti, kuma ya daɗe yana nazarin halin maƙwabcinsa. Ya miƙe, ya karanta ƙudurinsa a sanyaye: tunda kuɗin gadar rafinmu ya daɗe a ajiye ba wanda ya waiwaye shi, a karkatar da shi a shimfiɗa hanya a mazaɓarsa.

Mutanen bene sun ji komai, kalma ba ta wuce su ba. Gwaggo ta dafe ƙirji. Dattawa suka gyara zama, suna jiran zaki ya yaga Tsinke. Shi kuwa zakin ya ba zaure baya tun ɗazu, yana ɗaga wa bene hannu, yana karkata hula don mai hoto ya samu ɓangaren da ya fi kyau.

"Ko akwai mai goyon baya?" in ji Kakaki.

Kujerar Onarabul har ƙara ta yi.

"Mai girma Kakaki, na goyi baya! Na goyi baya ɗari bisa ɗari! Wannan ƙuduri ya zo a kan gaɓa, kai, ya ma makara. Duk mai kishin talaka ba zai bari a kwana ba a zartar da shi ba."

Kakaki, dattijo mai tausayi, ya sauke tabarau ya yi masa hannunka mai sanda. "Onarabul, ka dai ji ƙudurin kuwa?"

"Mai girma Kakaki, ni da na goyi bayan ƙudurori sun fi gashin kaina yawa, yau ni za a tambaya ko na ji? Ai kamar daga bakina aka ciro shi. Ga mutanena can a sama, su ne shaida, abin da suka aiko ni ke nan. Kuma ni ba na magana biyu."

To, mai ɗaki ya ce a cinna wuta, wa zai wahalar da kansa ɗebo ruwa? Aka kaɗa ƙuri'a ba mai ja, guduma ta sauka. Onarabul ya juya bene ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. Ba wanda ya ko yi tari. Gwaggo ta tattara mayafinta ta sauka, sauran suka bi ta. Ya gaya wa na kusa da shi cewa kwarjini ne ya kama su.

Sai a mota ya ji abin da ya goyi baya, a rediyo, cikin labarai. An ce hular da kanta ta zame. Washegari ya tara 'yan jarida don ihu bayan hari. "Masu ƙaramin tunani ba za su gane ba," in ji shi. "Ni ba siyasar unguwa nake yi ba. Zumunci na ƙulla tsakanin mazaɓu biyu, kuma tarihi zai tuna da ni." Ya je wurin Kakaki a asirce ko za a warware, aka ce masa bakin alƙalami ya bushe, kuma ai shi ba ya magana biyu.

Damina ta zo ba ta nemi izinin majalisa ba. Rafi ya cika, ya fara da allon, ya tafi da Onarabul da hularsa da murmushinsa. Kayan lambun Gwaggo suka ruɓe a kwanduna a bakin ruwa, tana tsaye tana hangen kasuwa. Yara suka yi ta fashin makaranta. Wata mai naƙuda kuma a kan ƙyauren ƙofa maza suka ƙetarar da ita, ruwa iya wuya. Allah ya sauke ta lafiya, amma nan kam ba abin dariya ba ne, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. A can maƙwabta kuwa kwalta sai sheƙi take.

Ranar fid da ɗan takara, wakilan jam'iyya suka cika ɗakin taro, mutanen ƙetare da lakar rafi a ƙafafunsu. Onarabul ya zauna a gaba, ya baza riga ta cinye kujera biyu. Dokar wurin irin ta majalisa ce: wani ya gabatar da sunan mutum, wani ya goyi baya. Ƙanin matarsa ya miƙe ya gabatar da shi, yana magana yana kallon ƙasa.

"Ko akwai mai goyon baya?" in ji shugaban jam'iyya.

Hali zanen dutse. Kafin Onarabul ya yi shawara da ƙafafunsa, sun riga sun tsayar da shi. "Na goyi baya!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki.

"Onarabul, ɗan takara ba ya goyon bayan kansa," in ji shugaba. "Koma ka zauna."

Ya zauna. Shugaba ya sake tambaya. Onarabul ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a silin. Daga ƙarshe idonsa ya tsaya a layin mata. Murya ta yi ƙasa, ta koma irin ta bakin tasha.

"Gwaggo."

"Na'am, ɗan nan."

"Tambaya fa ake yi."

"Ayya, ban ji abin da aka ce ba, hankalina yana wurin rafi. Mu kuwa a ƙetare ba a koya mana goyon bayan abin da ba mu ji ba."

Shugaba ya buga tebur, aka wuce. Wani ya gabatar da sunan wata malamar asibiti daga ƙetare, aka sake jefa tambayar nan. Ɗaki ya miƙe gaba ɗaya, Gwaggo a kan gaba. Mutum ɗaya ne kawai ya rage a zaune, riƙe da hularsa, karo na farko a tarihinsa. Ƙudurin kuwa ya wuce da ransa da lafiyarsa.